Famfon Gidanmu Yana Ja

Mai Guga ya fi kowa daɗewa a gidan hayarmu. Ɗakinsa ne na ƙarshe, daf da famfo, teburin gugarsa a baranda, da tsohon bargo a kai duk shatin ƙuna. Mutum ne da ba ka jin muryarsa sai wajen gaisuwa. Ni maƙwabciyarsa ce, bango ɗaya ya raba mu, kuma ni ce mai bakin gidan, wannan kowa ya sani.

Famfon tsakar gidanmu yana jan mutum. Wata waya ce ta ɓare a cikin bango ta haɗu da bututun ƙarfe. In dai akwai wuta, ka taɓa kan famfon ba takalmi a ƙafarka, za ka ji ta har cikin haƙoranka. Mai gidan ba wanda ya taɓa ganinsa a cikinmu, wakilinsa muka sani. Wakili ya zo, ya murɗa famfon da takalmi sau-ciki a ƙafarsa, ya ce shi bai ji komai ba, amma ana kai. Rufin banɗaki ana kai, tsagar bango ana kai. Har yara suka sa masa suna Ana-Kai, kuma yana amsawa.

Ni na yi masifa har na gaji. Mai Guga bai yi ba, mai gyaran wuta ya ɗauko da kansa. Mutumin ya duba ya ce sai an fasa bango. Wakili ya ce duk wanda ya fasa bango ya tattara nasa ya nasa. Daga ranar Mai Guga bai sake tayar da maganar ba. Muka koyi zama da abin, silifas na roba a ƙafa, busasshen tsumma a hannu. Sabo turken wawa, har muka daina jin haushi.

Sai surukarsa ta zo ganin likitan ido, ta sauka a wurinsu. Kafin ta iso ya roƙi matarsa, ya roƙe ni, kada wanda ya yi mata zancen famfo. Ya ce ba zai iya tsohuwar ta ji ya ajiye mata 'ya da jikoki a gidan da ruwa ke jan mutum ba. Na ce to mu lulluɓe famfon da zane mu ce amarya ce. Bai yi dariya ba. Matarsa ta ɗauki nauyin abin, ita ke tara wa uwar ruwan wanka, ita ke cika mata buta, tsohuwa ba ta kusantar wurin. Shi kuwa tun da ta zo bai haɗa ido da ita ba. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ya koma teburinsa.

Wata safiya matar ta kai ƙaramin yaronsu allura. An kawo wuta, Mai Guga yana ta aiki. Tsohuwa ba ta iya zaman banza, ta tattara kofunan shayi ta nufi famfo, ƙafarta ba komai. Ina ɗaki ina ɗaura ɗankwali na jiyo shi, muryarsa can ƙasa.

"Inna, ga takalmi."

"A'a, ɗan nan, Allah ya yi albarka. Nan da nan ne."

Ban gane me ake ciki ba sai da na ji ƙarar kofuna a siminti. Na fito na same ta kwance a gefen rariya, shi yana tsaye a kanta. Silifas ɗinsa ne ya cire ya ajiye mata a hanya. Ita kuma ina za ta zura ƙafa a takalmin mijin 'yarta? Da hannu ta ɗauke su, ta jera su tsaf a jikin bango don kada su jiƙe. A bayansa rigar wani tana hayaƙi a ƙarƙashin dutsen guga, ni na kashe.

Ƙashin ƙugunta ya karye. Likita ya ce a shekarunta da wuya ta sake takawa. Kullum sai Mai Guga ya je asibitin, ya zauna a benci a waje da flas ɗin shayi a cinya. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ni da na so in ga ya fasa wani abu, ko ƙofar ofishin wakili ce.

Wata rana da yamma matarsa ta dawo daga asibiti ɗaukar kaya, ta tsaya gaban teburinsa, ina zaune ina ji. Ta ce tsohuwa ta farfaɗo sosai, kuma ta san abin da ya kayar da ita.

"Ta ce kada a gaya maka famfon ne, za ka ji kunya. Wai a ce santsi ne."

Ya ɗaga kai ya dube ta, ya mayar da ido kan wandon da yake gogewa.

Washegari wakili ya leƙo yin jaje. Ya tsaya nesa da famfon, ya tambayi yadda abin ya faru. Na buɗe baki, Mai Guga ya riga ni.

"Santsi ne," in ji shi.