Dardumar Majami'ar Nok

Talata: Kafanchan zuwa Nok

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba maigidana ya raka ni tashar mota da tocila a hannu. Ya yi wa Ubangiji alkawari cewa in mahaifiyarsa ta tashi daga ciwon da ya kwantar da ita bara, zai shimfiɗa darduma mai daraja a gaban majami'ar ƙauyensu, inda tsofaffin mata suke durƙusawa addu'ar safe. Mama ta tashi. Aiki ya hana shi tafiya, shi ne ya ce in ɗauko ta mu tafi Kaduna. "Ita za ta zaɓa," in ji shi. "Ke naki Turanci ne, tunda kin yi sakandare."

Bas ba ta cika ba sai shida da rabi. Kobo sittin ne zuwa Kwoi, wajen mil ashirin da biyar, amma ruwan daren jiya ya ɓata hanya, ba mu isa ba sai tara ta wuce. Daga nan na hau bayan babur ɗin wani malamin firamare, muka bi ta tsakanin gonakin citta har Nok. Na tarar Mama ta riga ta ɗaure kayanta a ɗankwali. Ta yi mini tuwon acca da miyar karkashi, ta zauna tana kallona har na cinye. Mama da Jabanci ta tashi, Hausarta ta kasuwa da majami'a ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu. "Ka ƙara," ta ce. "Ka rame a birni."

Laraba: Nok zuwa Sabon Tasha

Shida daidai muka hau gaban wata gingimari mai ɗauke da buhunan busasshiyar citta, naira biyu kowa. Ƙanshin ya sa ni atishawa har Kachia. Direban, wani Garba mai yawan barkwanci, ya ce, "Mama, me za a sayo a Kaduna? Miji?"

"In ka san mai haƙora, ka nuna mini," ta ce. Har ya kusa sakin sitiyari don dariya.

A Kachia muka tsaya sha ɗaya da rabi, muka sha fura da nono a wurin wata Bafillatana, kobo goma ƙwarya. Saura mil tamanin. Sojoji sun tsayar da mu sau biyu. A shinge na biyu, kusa da Kujama, wani kofur ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin ɗankwali. Mama ta kwance, ta miƙa masa dafaffiyar gyaɗa, ta ce, "Ka ci, ɗana, rana ya yi zafi." Ya karɓa da hannu biyu ya ɗaga mana sanda.

Biyar na yamma muka sauka Sabon Tasha, gidan ƙanwar maigidana, Rifkatu, ma'aikaciyar jinya. Ita ce ta fara sa mini siliki a rai. Ta ce a gidan wani babban sakatare ta ga darduma ta siliki, in ka tsaya ta wannan gefe ja ce, in ka koma wancan sai ta zama ruwan zuma. Na kwanta ina jin yadda matan Nok za su riƙa cewa, matar wane ce ta zaɓo.

Alhamis: Kaduna

Na sa leshina na biki da takalmi mai tsini. Mama ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta sa takalmin roba. Tasi ta kai mu cikin gari tara da kwata, ƙofar kantin wani ɗan Labanan, mai gilashi tun daga sama har ƙasa.

A bakin ƙofa Mama ta tuɓe takalmanta ta jera su, kamar yadda take yi a ƙofar kowane gida da take girmamawa. A ciki akwai wata Baturiya da wasu mata biyu masu gwaggwaro da warwaron zinariya. Dardumai biyu a shimfiɗe tsakiyar kanti. Ta siliki siririya ce, zanenta ƙanana kamar an rubuta da alƙalami, tana sheƙi. Ta ulu, wato gashin tumaki, mai kauri ce, ja mai duhu, ba ta wani ƙyalli.

Kafin in buɗe baki, Mama ta taka ta silikin da ƙafafunta masu faso, ta durƙusa, ta haɗa hannu ta rufe ido. Ta jima. Ta tashi da ƙyar, ta koma kan ta ulu ta yi haka nan. Ɗaya daga cikin matan nan ta rufe baki da jaka. Akawun kantin, wani mutum mai nakitai a wuya, ya matso ya tambaye ni da Turanci ko tare muke da wannan tsohuwa.

'Yan'uwana mata, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na amsa masa da Turanci, a hankali, na ce mai yi mana aiki ce daga ƙauye. Na yi zaton maganar za ta tsaya tsakanina da shi. Sai ya juya ya ce da Hausa, da ƙarfi, "Ke, tashi! Madam ta ce ke 'yar aikinta ce. Jeki waje ki jira ta."

Mama ta ɗago ta dube ni. Ba ta daɗe tana dubana ba. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce, "To, Madam," ta fita ta zauna a dakali kusa da takalmanta. Ta rufa mini asiri a gaban mutanen da na sayar da ita dominsu.

Mai kantin da kansa ya fito, dattijo mai furfura, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Na nuna ta siliki. Ya ce, "Madalla, kin san abu mai kyau. Amma ina za a shimfiɗa?" Na ce majami'a. "Ƙasan siminti ne ko daɓe? Rufin yana yoyo? Mutum nawa ke hawa a rana?" Shekara biyu rabona da shiga majami'ar nan, ko da na je Nok a gurguje nake komowa. Ya ce, "Siliki ba ya son ruwa, ba ya son ƙafa da yawa. Ɗigo ɗaya na kwano mai tsatsa, ya zauna har abada. In ba ki sani ba, ba zan sayar miki da abin da za ki zage ni a kansa ba."

Ba yadda zan yi, na fita. "Madam ya gama?" in ji Mama. Na ce mai kanti yana da tambaya. Ta shigo ta tsaya da hannu a baya, ta amsa duka: siminti ne, damina tana sa shi sanyi, kwano yana ɗiga wuri biyu ta gabas, tsofaffi goma sha huɗu ne kullum safe, daga gona wasu suke zuwa da jar ƙasa a ƙafa. Ta nuna ta siliki ta ce, "Wannan, gwiwa yana jin ƙasa." Ta nuna ta ulu. "Wannan, mutum zai iya gama addu'a."

Mai kantin ya yi dariya. Ya danna ulun da yatsa, ya nuna mana yadda yake tasowa, ya ce a riƙa shanya shi ana bugawa da sanda saboda asu. Sannan ya ce mini, "Madam, ki riƙe wannan mai aikin naki da kyau, ta fi ni sanin darduma." Ƙofa ce Ubangiji ya sake buɗe mini. Matan nan suna nan suna ji. Na yi murmushi, na ce a naɗe ta ulu.

A gidan Rifkatu Mama ba ta faɗa wa kowa abin da ya faru ba. Ta ci abinci, ta yi wasa da jikoki. Ni na ture tuwon na je na kwanta.

Jumma'a: Kaduna zuwa Kafanchan

Jirgin ƙasa na ƙarfe takwas bai tashi ba sai goma da rabi. Muka sa dardumar a ƙarƙashin benci. Tashoshi suna wucewa, masu rake da dafaffen ƙwai suna kira ta taga, ni ina ta shirya magana tana rushewa. Mama ta sayi ayaba ta ɓare ta miƙo mini. "Madam zai ci?" Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

Huɗu da minti ashirin muka shigo Kafanchan. Tasha cike, har da matan ma'aikatan reluwe da muke zumunta tare. Kafin in kira ɗan dako, Mama ta naɗa gammo ta sunkuya za ta ɗora dardumar a ka. Na riƙe hannunta. Na durƙusa a kan dandamalin nan da leshina, na ce, "Mama, na yi miki laifi, na yi wa Allah. Ki yafe mini."

Ta ce, "Tashi, mutane suna kallo."

"Su kalla, Mama."

Sannan ta ce, "Ciwon bara bai kai na jiya ba." Ta share mini fuska da bakin zanenta, ta ɗora mini gammon. "To, ɗauka. Yana da nauyi, ka sani." Da nauyi kuwa. Na tuɓe takalman tsinin, Mama ta riƙe mini su, muka ratsa gari a ƙafa.

Biyar da rabi muka shiga gida. Maigidana ya tambayi hanya, na faɗa masa duka a tsaye, ban rage ba. Fuskarsa ta canza, ya buɗe baki, Mama ta ɗaga hannu. "Ba kai aka yi wa ba. Wanda aka yi wa ya yafe. Kawo mana ruwa."

Na gode wa Ubangiji da ya kai mu ya komo da mu lafiya, na gode wa Rifkatu da Garba direba, da dattijon da ya ƙi sayar mini da abin da na nuna. Shi dai har yau bai san wadda ta durƙusa a kantinsa ba. Ku da kuka karanta ku sani: uwar mijina ce, uwata ce.