Sunan Malam Attahiru a Kwamfutar Ƙungiya

Halilu jikana ne, ko da yake mijina nake ce mai. An haife shi nan Kwargaba. 'Yan'uwansa suka bi albasa, shi ya bi kwamfuta, har wuyansa ya lanƙwashe. Shi ya rubuta ma ƙungiyar manoman rani manhajar da ke aika saƙo ta waya, kowa ya san ranar da ruwan dam zai biyo gonarsa.

Bana aka sauya rabon ruwa ana tsakar dashe, kwamfutarsa kuma ta zaɓi makon ta mutu. In saƙo bai fita ba, mutane su jira ruwa a tsohuwar rana, dashe ya bushe. Ya tafi ofishin ƙungiya ya ari tasu.

Da ya dawo cin tuwo na ce, "Mi ya ɓata maka rai, angona?"

"Kaka, tsarin kwamfutocin ba ɗaya ba: tawa Linuks ce, tasu Windos. Akwai inda ake aje ma manhaja mabuɗinta na sirri, kowace da yadda ake gaya mata. Na yi ma wagga irin na waccan, ta yi shiru."

"To ka gaishe ta da gaisuwar garinsu mana."

Ya koma ofis ya gyara wannan matsalar. Saura tura aikin cikin Git, rumbun da suke ajiya, wanda daga can saƙo ke fita. Rumbu ya ƙi buɗewa. Ashe Windos ta riƙe sunan Malam Attahiru, tsohon magatakardan ƙungiya, shi take miƙawa kullum, mabuɗinsa kuwa ya daɗe da daina aiki.

Gogewa ba wuya. Amma shugaban ƙungiya, Alhaji Ƙasimu, ya dafe kwamfutar. "Dattijo na raye ka shahe sunanai ba sallama? Ba a gabana ba."

Halilu ya miƙe. Ya hau babur har Rabah, gidan Malam Attahiru, ya durƙusa ya yi bayani.

Malam ya ce, "Ashe har yau ina cikin akwatin nan? Shi ya sa bayana ke ciwo. Hidda ni, ɗana."

Halilu ya dawo ya goge sunan, ya sa nashi, rumbu ya buɗe. Kafin la'asar wayoyi suka yi ta ƙara a unguwa: ruwan Kwargaba ranar Talata. Uwaliya maƙwabciyata ta aiko mai da dafaffen rogo. Ni na cinye, haƙorana sun fi bukatar mai laushi.