Silindar Ta Iso, Malam Sai-Na-Duba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, matarka ta kira ni ta ce Allah ya karɓi abinsa. Sai da na sa ta maimaita, kamar yadda kai ma da za ka yi. Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma.

Shekara ashirin da biyu kana gyaran injin ƙaramin jirgin da nake tuƙawa, mai kai likitoci da magani inda mota ke kwana biyu kafin ta isa. A rumfar jirage babu mai kiran sunanka na yanka. Sai-Na-Duba muke ce maka, domin ko ƙarfe nawa aka tambaye ka, amsarka ke nan. Na karanta littattafai da yawa a kan haƙuri. Babu wanda ya koya mini shi kamar tsayuwa a bayanka, kana lasar yatsa kana buɗe littafin injin shafi-shafi.

Watan jiya silinda ɗaya cikin huɗun da ke jikin injin ta tsage. Na samo wata a wurin abokina, na kawo ta a rungume kamar jaririya. Tsayi ɗaya, faɗi ɗaya, ramukan noti sun hau daidai. Ka goge lambar jikinta da gefen rigarka, ka duba littafi, ka ture ta gefe.

"Direban sama, wannan ba 'yar ɗakinsu ba ce."

"Haba Malam, ai kamar an tsaga kara."

"Kama da wane ba ta wane. Fistan ɗin da ya zo da ita, ƙarfen nan mai matse iska a cikinta, ya fi nasu tudu. Ukun nan za su matse iska iri ɗaya, ita ta matse nata daban. A ƙasa za ta yi maka ladabi. Can sama za ta nuna hali, kuma can babu gefen titi."

Na ce marasa lafiya na jira. Na ce tsufa ne ya sa maka tsoro. A gaban mutane na faɗa, na fice. Daga baya na ji kai ne ka wuni kana buga waya har ka samo wani matuƙi ya kai maganin, ka kuma hana a gaya mini.

Na yi niyyar ba ka haƙuri ranar da silindar da ka yi oda ta iso. Dubi wayon mai karatu: ya ɗaura neman afuwa a wuyan motar kaya.

Jiya ta iso. Babbar 'yarka, wadda ta gaji sana'arka da gardamarka, ita ta buɗe kwalin a kan teburinka. Tawa na nan a gefe, ka ɗaura mata takarda da rubutunka: "Kada a ɗaura. A mayar wa abokinsa, a gode masa."

Na ce, "Wannan sabuwar dai ta yi ko?"

Ta jawo littafinka ta ce, "Kawu, sai na duba."

Na tsaya a bayanta. Lambar ta yi daidai.

Malam, ka fi ni gaskiya. Ka yafe mini. Duk saukar da na yi lafiya cikin shekarun nan, bayan ikon Allah, da hannunka a ciki.

Allah ya jiƙan ka, ya yalwata makwancinka, ya sa kowane rai da taka-tsantsan ɗinka ya tsare ya zame maka haske. Ga matarka, da 'ya'yanka, da abokan aikinka na rumfa, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma, ya kyautata namu ƙarshen.