Saƙon Inna a Taron Famfo

Shekarun baya, lokacin da na gama jami'a ina zaman jiran aiki, aka kawo labarin za a kafa mana famfo a ɓangarenmu na Zongo. Kafin nan ruwanmu daga tsallaken kwalta ake turo shi, a cikin tano, wato ganga mai taya biyu, kuma mata da 'yan mata ne masu turawa. Wuri biyu aka ba mu mu zaɓa: bakin masallaci, wanda shi ma yana tsallaken kwaltar, ko wani ɗan fili a bayan gidajenmu. Dattawa suka sa taro ranar Juma'a bayan la'asar a zauren Alhajin da ke shugabantar unguwa. Kowa ya san hankalinsu ya fi karkata ga masallaci, saboda alwala.

A al'adarmu mata ba sa zama a wannan zaure. Wadda ke da magana sai ta ba mijinta ko ɗanta ya kai. Mahaifina yana cikin masu son masallaci, don haka mahaifiyata ta juyo kaina. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, tun da na shiga jami'a kuwa Mushe take ce mini, wato yallaɓai da Faransanci.

"Mushe, ba kai ne ka rubuta littafi a kan 'yancin mata ba?"

"Ba littafi ba ne sosai, Inna, kundin gama karatu ne, kuma ta fuskar doka kawai na..."

"To ya isa. Ka je ka ce musu matan unguwa ba su yarda ba. Kwaltar nan ta riga ta karya ƙafar yarinya ɗaya. Famfo ya zo inda masu ɗiban ruwa suke."

Magana uku ta ba ni. Ni kuwa na kwana biyu ina gyara ta. Na rubuta shafi biyu da Faransanci, na mayar Hausa, na cire duk abin da nake ganin zai iya ɓata wa wani rai. Da na gama cirewa, ina jin abin da ya rage bai wuce gaisuwa ba.

Ranar taro na sa farar riga da takalmin da na saya don neman aiki. Da aka ba ni dama na durƙusa na ce, "Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Wato akwai wasu daga cikin iyayenmu mata, ba lallai dukansu ba, da suke ganin wataƙila, idan babu damuwa, a ɗan duba ɗaya wurin. Amma fa ba wai masallacin bai dace ba. Ta wani ɓangaren ma ya fi dacewa."

Alhaji ya gyaɗa kai cikin jin daɗi. "Madalla da yaro mai ladabi. Wato mata sun bar mana zaɓi ke nan."

Sai muka ji sallama daga bakin ƙofa. Na san muryar tun kafin in juya. Mahaifiyata ce a tsaye, lulluɓe da mayafin da take zuwa shagonta na atamfa a kasuwar Rood Woko, mata kamar goma a bayanta.

"Hajiya," in ji Alhaji, "kin san nan ba wurin zamanku ba ne."

"Ban shigo ba, Alhaji, dubi ƙafata, a waje take. Ɗan aike na biyo. Na ba shi saƙo a cike, ya zubar da shi a hanya."

Mahaifina ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri.

"Ba musu na zo yi da ku ba," ta ci gaba. "Ga tano can mun cika mun ajiye a bakin masallaci, daidai inda kuke son famfon. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ku fito ku tsaya, Mushe ya turo mana shi gida."

Ban san dalilin da ya sa suka yarda ba. Wataƙila kunya ce, wataƙila son kallo. Suka dai fito suka jeru a bakin hanya. Lokacin tashi daga aiki ne, babura na kwararowa kamar ba za su ƙare ba. Na kama ƙarfen turawa na danna, tanon ko motsi. Na sake dannawa da ƙirji, sai ya tafi gaba ɗaya, ya ja ni zuwa tsakiyar kwalta, a nan taya ɗaya ta faɗa rami ta tsaya. Ruwa ya fantsamo mini a riga da takalmi. Wata mata a kan babur ta taka birki dab da gwiwata, ta wanke ni da zagi cikin Mosanci, yaren mutanen garin, har da tambayar ko uwata ba ta koya mini tura tano ba. Na ce mata, "Pardon, madam," ya fi sau biyar, ban iya gaba ba, ban iya baya ba.

Wanda ya fara shigowa titin mahaifina ne. Ya tattare babbar riga, ya ɗaga hannu biyu sama yana tsayar da babura, hularsa ta faɗi bai ko waiwaye ta ba. Da ni da shi muka turo tanon, muna haki, har gaban dattawa.

Mahaifiyata ta bari muka numfasa, sannan ta ce, "Wannan namiji ne, ƙato, ga takardar jami'a. Sau ɗaya ya yi, sai da ubansa ya shiga titi. 'Ya'yanku mata kullum suke yi, wasu da goyo a baya. Wa ke tsayar musu da babura?"

Alhaji ya daɗe yana kallon titin. Can ya ce, "Buta dai da hannu ɗaya ake tsallakawa da ita. A kai famfon bayan gidaje." Ya juyo ga mahaifina. "Malam, ashe haka kake fama?"

"Shekara talatin, Alhaji. Yau dai kun taya ni ji."

Har ita sai da ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Ba zan ce daga ranar komai ya canza ba, don bai canza ba. Har yanzu mata ba sa shiga zauren. Amma a taro na gaba an ajiye benci a bakin ƙofa, ba wanda ya ce ga mai shi, mata suka zauna a kai, kuma ba a rufe magana sai Alhaji ya leƙo ya ce, "Na waje, kun ji?" Makullin famfon ma a hannun mata yake.

Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na yi shekaru ina karanta haƙƙin mata a takarda, amma ranar da mace ɗaya ta ba ni amanar magana uku, tsoron ɓata wa maza rai ya sa na narkar da ita. Ban yi da mugunta ba, ina ganin. Sai dai da ba ta biyo ni ba, da yau ƙannena suna tsallaka kwalta, ni kuma ana yabona da ladabi.

Yanzu ina aiki a unguwar Ouaga 2000, kuma har yau ina yawan cewa wataƙila, ban warke ba. Amma idan abokiyar aiki ta ce in kai maganarta gaban shugabanni, nakan fara tambaya ko za a bari ta shigo ta faɗa da bakinta. In an ƙi, sai in kai ta yadda aka ba ni.

Takalmin nan bai sake komawa daidai ba. Mahaifiyata ta hana a yar da shi. Yana nan a ɗakinta, kuma duk ranar da za ta aike ni sai ta nuna shi da baki ta ce, "Mushe, a cike na ba ka. A cike za ka kai."