Malafar Malam Mode a Ƙarshen Magudana

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Talata, sha biyu ga watan Sha'aban na bana, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran kakana, mahaifin mahaifiyata, Malam Mode na Ƙofar Marke, shugaban ƙungiyarmu ta masu noman rani a fadamar Kwalkwalawa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Bayan La'asar anka yi masa sutura.

Tsoho, ni ne Gazali, ja'irin jikanka, mai goya ka bisa mashin kowace safiya zuwa fadama. Ni ne mai bin ramuka da gangan don in ji ka kama kunnena kana salati. Tun ina ƙarami nake ce maka ka yi sauri ka mutu in gaji matarka, Kaka Saudatu, in haɗa da malafarka. Kai kuma ka ce matar ba ta son mai ƙafafu awa sillen kara, malafar kuwa ta fi ƙarfin kaina. Wasan jika da kaka ne, kowa ya sani. Amma ranar Talata da na shiga ɗaki na iske Kaka zaune bakin gado, sai ta ɗaga kai ta ce, "To, ango, ga shi ya bar maka ni." Na durƙusa gabanta. Ban taɓa rasa amsa a gidan nan ba sai rannan.

Wanda bai san fadamarmu ba ba zai gane abin da munka rasa ba, don haka bari in faɗa. Inji babba guda muke da shi a bakin gulbi, magudana guda ta ƙasa ke ɗaukar ruwan, gonaki na jere dama da hagu. Kowa na da bakin da yake buɗewa da fartanya, in gonarsa ta sha ya toshe da laka. Waɗanda sunka kawo injin sun girka shi sun tafi, sun bar wani ma'aikaci da ke leƙo mu daga gari in ya ga dama. Sai na bakin inji su sha har shinkafarsu ta nutse, ƙasarsu ta fara fitar da farin gishiri, na ƙarshe kuwa albasarsu ta ƙone suna kallo. An yi zagi, an fasa kai da ƙotar fartanya. Akwai waɗanda sunka bar gonakinsu sunka koma dako a kasuwa.

Ina yaro lokacin da manoman sunka taru gindin mangwaro sunka ce tunda su ke noma, su za su riƙe ruwansu da kansu. Kai anka zaɓa shugaba, Tsoho. Gonarka ce ta fari a bakin inji, gadon ubanka, ba ta taɓa sanin ƙishirwa ba. Ka tashi ka ce ba ka amsa sai da sharaɗi. Ka dubi Jelani, mai gonar ƙarshe, wanda ya fi kowa zafin kai don ya fi kowa hasara, ka ce ku yi musaya. Mutane sunka ɗauka ba'a kake. Ka ce, "In ni ka rabo, ni ka sha daga baya. Ranar da ruwa sunka gaza, su faro gazawa daga gonata."

Kaka ta yi fushi har ta daina sa maka man shanu a tuwo. Na sha tuna mata wannan don in tsokane ta. Yanzu ita ke ba masu gaisuwa labarin, tana share ido da gefen lulluɓi.

Daga nan tsarin ya fito. Ranar ban ruwa, kowace Asabar, kowa ya toshe bakin gonarsa, ruwa su wuce shi yana gani, har su kai ƙarshe inda kake tsaye. Sai ka ɗora malafarka bisa doguwar gora ka ɗaga, ka kwarara kira da wannan murya taka mai tsatsa: "Sun iso! A buɗe daga ƙasa!" Na kusa da kai ya buɗe, in ya sha na gabansa ya buɗe, har a kai bakin inji. Kai kuma sai kowa ya gama kake juya ragowar cikin fangalinka. Shekarar da gulbi ya janye da wuri, kowa ya kwashi albasa ko yaya, taka ce ta tsaya awa 'ya'yan goriba. Na ɗauki guda na zagaya da ita gida ina tambayar wa ya yar da dutsen carbi. Ka yi dariya har tari ya kama ka.

Ba ka taɓa yanke magana kai kaɗai ba, Tsoho, kuma wannan ya sha cinye mana rana. Ko gyaran inji ne, ko ranar gayyar yashe magudana, sai ka bi mutane ɗaya bayan ɗaya ka ji ta bakinsu, har masu zama baya suna tsinken haƙori. Na taɓa ce maka tunda ka san amsar, me ya sa kake gasa mu? Ka ce abin da mutum ya sa baki cikinsa shi yake tsarewa in ba ka nan. Na ce ina za ka da ba ka nan? Sai ka gyara malafa.

Ba zan manta da Inna Balaraba ba, wadda mijinta ya rasu ya bar mata fangali kusa da naka. Ranar gayya ɗanta na kwance ba lafiya, wasu sunka ce wanda bai yi yasa ba ba ya shan ruwa, haka anka aje doka. Ba ka karya dokar ba. Ka gama rabonka, ka koma ka shiga laka har gwiwa ka yashe nata, da shekarunka, da ciwon bayanka. Kafin ka kai rabi, masu maganar sun shigo da fartanyoyinsu kai a sunkuye.

Ni kuwa aikina kwaikwayon muryarka. A gidan biki, a majalisa, ko Kaka ta buɗe tukunya, sai in kwarara "Sun iso!" mutane su faɗi da dariya. Na taɓa aje maka kwaɗo cikin malafa. Ka zaro shi ka ce ai wannan ma ɗan ƙungiya ne, ya fi ni zuwa aiki.

A zaman makoki na fara jin abin da ya tsinka mini zuciya. Ana ta maka addu'a, amma a gefe ana raɗa. Wani na cewa tsarin naka ne, ya bi ka kabari. Wani na cewa gara kowa ya buɗe da wuri ya ceci nasa. Albasar mutanen ƙarshe kuwa tana tsakiyar yin kai, in ban ruwa guda ya wuce ta, ta tafi ke nan. Inna Balaraba ta zo gaisuwa, da za ta fita ta tsaya ta ce mini, "Gazali, ran Assabar wa ka ɗaga muna?" Ban sani ba.

Ranar Asabar da safe Kaka ta sauko da malafar daga ƙusa ta miƙo mini. Na hau mashin, na kauce wa kowane rami, ban san don wa ba. Na isa ƙarshen magudana na zauna inda kake zama. Na ji tashin inji daga nesa. Magudana a bushe, ƙasarta ta daddare. Rana ta ɗaga, Inna Balaraba na tsugune bakin fangalinta tana jan carbi, ba mai duban wani tsakaninmu.

Sai ga ruwan nan, a hankali, suna turo ganye da karmami. Gefensu kuma ga Jelani, fartanya a kafaɗa, yana tafiya daidai da kan ruwan tun daga bakin inji, yana duban bakin kowace gona. Ya ce bai iske ko guda a buɗe ba. Ya tsaya yana haki, ya dube ni ya ce, "Mi kaka jira? Ɗaga. Kai da ka iya muryatai, kira muna."

Na ɗora malafar bisa gora, na ɗaga. Na kira da muryarka, Tsoho, da tsatsarta da komai. Fadama duka ta ji. Ba wanda ya yi dariya.

'Yan ƙungiya, bayan addu'ar arba'in za ku zauna gindin mangwaro ku zaɓi wani. Kawu Hashim, babban ɗan marigayi, ya ce in shaida muku da yawun magada: gonar ƙarshe na nan, duk wanda ya amshi malafa a shirye suke su yi musaya da shi. Malafar tana hannuna aro ne. Tsoho ya faɗi gaskiya, ta yi mini yawa.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Mode, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya shi kamar yadda ya sanyaya gonakin mutane. Ya jira kowa ya sha a duniya. Ka sa shi cikin na farko da za su sha a tafkin Manzonka, tsira da aminci su tabbata gare shi. Kaka Saudatu, mahaifiyata Wasila, Kawu Hashim, sauran 'ya'ya da jikoki, da dukan mutanen fadama daga bakin inji har ƙarshe, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshe. Amin.