Finjalin da na cika a Nasiriya

Tutar na fara gani. Ina tsaye bakin ƙofar falon, dalla, wato butar gahawa, a hannun hagu, finjalai a dama, sai aka haska wani hoto a bango. Gonar dabino ce, da siraran bututun ruwa kwance a gindin itatuwa, can kuma a kusurwa ga wata 'yar tuta fara mai layi biyu shuɗi da tauraro a tsakiya. Na san ta. Duk mai riƙe waya ya san ta.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce ke ɗaukarmu aikin zuba gahawa a tarukan mata a Riyad. Da safe cewa kawai ta yi min taron 'yan kasuwa ne a unguwar Nasiriya, a gidan Madam. Mijin Madam Baba ke yi wa direba, shi ne kafilinsa da ya tsaya masa a wurin hukuma, ni ma da sunansa aka yi min iƙama, takardar izinin zama. Wato zamanmu a ƙasar nan duka a aljihun mutumin yake.

Na kasa kunne. Turancin sakandare ya ishe ni in gane abin da ake ciki. Ƙungiya ce ta mata masu kasuwanci, wasu daga Imarat, wasu daga Bahrain, wasu 'yan gari, da baƙi biyu daga Isra'ila. Ana maganar ban ruwa, da injin tace dabino, da yadda za a riƙa saye da sayarwa tsakaninsu ba sai an jira 'yan siyasa ba. An ja labule ko'ina. Wata ta roƙi kada kowa ta ɗauki hoto, kada kuma a yi zancen a waje.

Gwaggo ta zungure ni. "Ke, gunki ne aka kawo? Fara da baƙi."

Aikin gahawa yana da ƙa'ida, kuma a wuyan hannuna na koye ta, don Gwaggo ba ta gyara da baki. Ba a cika finjali. Ɗan kaɗan ake zubawa a ƙasa, baƙo ya sha, a ƙara masa, har sai ya girgiza finjalin alamar ya isa. Wannan shi ne girmamawa a wurinsu, ana so ya daɗe. In ka cika masa har baki, ka ce da shi ya shanye ya tashi. Mu a Kano akasin haka ne, kunya ce a miƙa wa baƙo rabin kofi, shi ya sa da farko na sha duka a kai. Amma na koya. Ranar nan na san ƙa'idar sarai.

Baƙuwar farko cikin biyun nan dattijuwa ce mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Ta yi min murmushi ta ce "shukran" tun ban zuba ba. Kamarsu ɗaya da malamarmu ta bayoloji, abin ya ba ni haushi, don na so a ce fuskarta ba ta da daɗin gani. Na karkata dallar. Gahawar ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Na gani. Ina da damar ɗagawa. Sai wata mata ta faɗo min a rai, wadda na gani a waya tana zaune kan ɓaraguzan gidanta a Gaza, rungume da wani abu naɗe cikin farin ƙyalle. Ban ɗaga ba. Na cika finjalin har yana neman zuba, na miƙa mata.

Ita ba ta san komai ba. Ta karɓa, finjalin ba shi da mariƙi, ya ƙona mata yatsu, ta yi saurin ajiyewa tana dariya. Amma falon ya yi tsit. Duk Balarabiyar da ke wurin ta karanta abin da na rubuta. Wata ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, ban sani ba ko murmushi take ɓoyewa. Madam ta miƙe.

A kicin Gwaggo ta riga ta magana. "Madam, ki yi haƙuri, wallahi sabuwa ce. A garinmu haka ake yi wa babban baƙo, a cika masa."

Madam ta dube ni sama da ƙasa. "To madalla. Sai ta koma ciki ta faɗa da bakinta, da Turancin nan nata. Ki ce ke 'yar Takari ce, ba ki san al'adarmu ba, a wurinku girmamawa ce. A yi dariya a wuce."

Ƙofa ce aka buɗe min, faffaɗa. Gwaggo tana ta gyaɗa min kai.

Na ce, "Al'adarmu ce, gaskiya ne. Amma ba ita na yi ba."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya har na ga wuta. "Ke! Aljanu ne suka hau ki? Madam, ba ta jin Larabci sosai."

"Ina ji," na ce. "Na san ma'anarsa. An kawo ni in zuba wa mutanen nan, ba wanda ya faɗa min, ba wanda ya tambaye ni."

Madam ta yi wata 'yar dariya. "Tun yaushe ake tambayar buta wanda za ta zuba wa?"

Ban koma falon ba. Ta ce da Gwaggo ta fitar da ni ta ƙofar baya. Ta ce kafin mako ya fita ni da ubana za mu ga huruj, takardar fita ta ƙarshe, in mun yi sa'a ba a bi da mu ta tarhil ba, inda ake tara waɗanda za a kora gida.

A motar haya Gwaggo ba ta bar ni na huta ba har unguwarmu, Ulaisha. "Sannu jarumar Falasɗinu. An 'yanto ƙasar da finjali ɗaya, ko? Sai ki je su ba ki iƙama."

Ita ban damu da ita ba. Baba nake tsoro. Ya dawo bayan magariba, ya riga ya ji. Ya zauna ya cire takalmi a hankali, bai dube ni ba.

"Ke kaɗai ke kallon labarai?" ya ce. "Ni na ɗauko su daga otal. Ni na sa musu jaka a but. Ina jin yarensu a bayana har muka iso. Kin ga na kifar da motar?"

"A'a, Baba."

"Ƙannenki suna makaranta a gida. Da wannan sitiyarin suke zuwa."

Na durƙusa na ba shi haƙuri kan abin da na jawo masa, da zuciya ɗaya, ina kuka. Ya ce gobe zai kai ni in faɗa wa Madam abin da take son ji. Na ce zan durƙusa mata, zan wanke mata gida kyauta, zan je in ba dattijuwar haƙuri kan yatsunta, don ban yi nufin ƙona ta ba. Amma ba zan ce ban sani ba. Ya tashi ya yi alwala.

Washegari ya tafi aiki shi kaɗai. Na haɗa kayana cikin jaka, na zauna a kanta. Duk takun da na ji a matakala sai in dubi ƙofa. Na kasa cin komai. Na yi ta tunanin fuskar Mama in muka sauka Kano hannu rabbana, na yi ta tambayar kaina ko in aka mayar da ni falon zan ɗaga dallar. Har yanzu amsar ba ta canza ba: ba zan ɗaga ba.

Bayan la'asar Gwaggo ta shigo ba sallama, ta faɗa kan katifa tana fifita da gefen mayafi.

"Kwance jakar nan, kina ba ni haushi."

Na ɗago na dube ta.

"Madam ta kai wa maigida ƙara. Ya tambaye ta, in ya kori direba da 'yarsa, wa zai hana su zama a kasuwar Batha suna ba da labarin baƙin da aka saukar a gidansa? Ya ce a bar maganar ta mutu. Ubanki na nan kan aikinsa. Ke ma ba mai taɓa iƙamarki."

"Gwaggo, da gaske?"

"Da wasa nake, na hau bene da wannan gwiwar. Amma ki sani, ba ke ba gidan nan har abada, ni ma ba ke ba ayarina. Tashi ki ba ni ruwa."