Gaisuwar da Na Kai wa Inna a Kan Keke

Asabar: fita daga Dutse

Ana idar da sallar asuba na turo kekena daga zaure, gari bai gama wayewa ba. Maman Amira, mai ɗakina, ta biyo ni har ƙofar gida da gorar ruwa da ƙullin dabino, tana kallon hular kwanon da ke kaina tana danne dariya.

"Yanzu fisabilillahi da wannan ƙwaryar za ka ratsa garuruwan mutane?"

"Da ita zan ratsa."

"To Allah ya kiyaye hanya. In ƙafa ta gaza ka bugo waya, makullin mota yana inda ka aje shi."

Na amsa addu'ar da amin, sauran maganar kuma na yi kamar ban ji ba.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da magidanci mai furfura a gemu, mai mota a gida, ya ɗare sirdin keke da sanyin safiya. Inna, mahaifiyata, tana ƙauyenmu can gaba da Miga. A gidanmu ba a gaishe ta a tsaye. Durƙusawa ake yi har ƙasa, kuma ba a tashi sai ta gama tambayar lafiyar kowa. To zaman ofis da tuwon dare suka haɗa kai suka yi min tumbi, gwiwoyi kuma suka yi tawaye. Babbar sallar bara na durƙusa a gabanta, tashi ya gagara, sai da ƙannena biyu suka kama ni ta hammata. Kowa ya yi dariya ban da Inna. Da na sake komawa, na tarar an aje min kujera a ƙofar ɗakinta, ita da kanta ta ce in zauna a kai in gaishe ta. Wallahi abin ya yi min ciwo fiye da duk abin da likita ya faɗa min a kan hawan jini.

Shi ya sa na sayi keken hawa dutse, mai kaurin taya da giya barkatai, na shiga cikin wasu masu hawan keke da ke fita duk Asabar bayan gari. Ranar farko na danne birkin gaba a gangara, keke ya tsaya, ni ban tsaya ba, sai tsintar kaina na yi a gonar gyaɗar wani bawan Allah. A hankali na koyi sauya giya tun kafin hawa ya kama ni, na koyi ja da jikina bayan sirdi in za a sauka, tumbi kuma ya fara ja da baya. Ban gaya wa kowa a ƙauye ba. Niyyata ɗaya ce, in je da ƙarfin ƙafata, in durƙusa wa Inna, in miƙe ba da hannun kowa ba.

Ban bi titi kai tsaye ba. Na fara ratsa duwatsun bayan gari ta wata 'yar hanyar masu itace, inda akwai hawan da ya sha sauke ni a tsakiya ina haki kamar tsohon injin niƙa. Ran nan kuwa na kai ƙarshensa ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Na tsaya a sama, rana tana ɓullowa, ga Dutse shimfiɗe a ƙasa da itatuwan dabinonta. Daɗi ya kama ni har na yi kabbara da ƙarfi, wasu awaki suka watse.

Hanyar Aujara

Da na hau kwalta na nufi arewa, ban yi nisa ba na iske shingen jami'an tsaro. Wani daga cikinsu ya ɗaga min hannu, ya zagaya keken yana dubawa.

"Alhaji, gasa ake yi ne?"

"A'a, ranka ya daɗe, ziyara zan je."

"Ina sauran abokan tafiyar?"

"Ni kaɗai ne."

"To ai kai ne na ɗaya. Wuce, Allah ya ba da sa'a."

Kaka ta fara shigowa. An yanke gero an jingina dammuna a gonaki, dawa kuma tana tsaye ta fi mutum tsawo. Da hantsi na bar titi na shiga burtali don in yanke hanya, a nan ne ƙasarmu ta tuna min dalilin da ya sa ake ce mata Jigawa. Duk horon da na yi a kan dutse na yi shi, yashi kuwa ba ruwansa da wannan. Taya ta nutse, kan keke ya dinga kaɗawa, dole na sauka na kama turi.

Ina cikin turin na cimma wani dattijo, shi ma yana tura tsohon kekensa da ɗaurin harawa a baya. Muka gaisa, muka ci gaba da turi tare. Ya dinga satar kallon giyar kekena, can dai ya kasa haƙuri.

"Ɗana, waɗannan haƙoran duka aiki suke yi, ko ado ne?"

"Baba, in mun fita daga yashin nan ka hau ka ji da kanka."

Da muka sami ƙasa mai tauri muka yi musaya. Ya tattare rigarsa ya hau, na nuna masa inda zai danna, sai ga dattijo ya ba ni rata yana ƙyaƙyata dariya yana cewa, "Kai, wannan ai shi yake tuƙa kansa!" Ni kuma ina biye da nasa da harawa, birki sai an haɗa da tafin ƙafa. Haka muka shiga Aujara. Ya rantse sai na sha fura kafin in wuce, ya kai ni gindin wata tsamiya inda masu nono suke zama, aka dama mana mai kauri. Na yi azahar a nan, na ɗan miƙe ƙafa har rana ta yi sanyi.

Jahun

Bayan la'asar na shiga Jahun. Ina wucewa ta gefen tasha na ji an ƙwala min kira da sunan da ba mai kira na da shi sai mutum ɗaya. Haladu ne, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, direban motar haya da ke jigila tsakanin Jahun da Miga. Ya tsaya ya ƙare min kallo daga hula har takalmi, sannan ya dafe kai.

"Innalillahi! Ina tumbin? Ina motar? Korar ka aka yi?"

"Kai dai ba ka da aiki. Motsa jiki nake yi."

"Motsa jiki daga Dutse? Ɗan uwa, faɗa min gaskiya, ba zan gaya wa kowa ba. Kawo keken in sa a but ɗin mota, gobe in sauke ka har ƙofar Inna, kyauta, tunda abin ya zama haka."

Na ce ko taya ɗaya ba za ta shiga motarsa ba. Muka yi ta zolayar juna, mutanen tasha suna dariya, na bar shi a nan yana ba su labarin wai na sayar da mota na ci da kuɗin.

Na sauka a gidan Malam Garba, abokina tun makarantar kwana, yanzu malamin makaranta ne a garin. Iyalinsa suka kawo tuwon dawa da miyar kuka da ta sha man shanu, na ci kamar wanda ya yini a gona. Bayan magariba na shiga ɗakin baƙi na gwada durƙuso. Sauka ta yi, amma wajen tashi cinyoyina suka ɗaure, sai da na dafa bango. Na ce ashe zan iya ratsa duwatsu da yashi in je in sake jin kunya a tsakar gidanmu. Malam Garba ya leƙo ya same ni riƙe da bango, na gaya masa komai. Ya sa aka ɗumama ruwa na gasa ƙafafun, ya ce, "Kwanta, gajiya ce. Gobe kada ka yi gudu, ba wanda ke bin ka."

Lahadi: Miga

Na bi shawararsa. Bayan koko da ƙosai na kama hanya a hankali, ina sa giya mai sauƙi, ƙafafu suka warware tun kafin rana ta yi zafi. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, sai garken shanu da ke tsallakawa jefi-jefi, in tsaya mu gaisa da makiyaya da guntun Fulatancin da ya rage min.

A Miga na tsaya shagon wani da muka saba don in cika gora. Maimakon fara'ar da na sani, sai ya riƙe hannuna da hannu biyu ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, sai haƙuri. Allah ya mayar da alheri."

Na ce amin, ina tunanin ko rasuwa aka yi ban ji ba. Na miƙa kuɗin ruwa ya ƙi karɓa. Wani mai shayi ya taso shi ma ya ce Allah ya sa kaffara ce. Sai da na matsa sannan mai shagon ya ce ai labari ya iso tun jiya, an ce aiki ya ƙare, mota ta tafi, na rame na dawo keke. Wasan da Haladu ya yi a tasha fasinjoji suka ɗauka da gaske, suka sauke shi a Miga, daga nan ya wuce ƙauye. Na yi dariya har da riƙe ciki, amma da na tuna Inna ta kwana da wannan labari, dariyar ta tsaya. Na hau keke na manta da shawarar Malam Garba.

Gida

Na tarar da tsakar gidanmu cike da mata, shiru kamar gidan makoki. Na jingine keke, na cire hula, na yi sallama. Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, idanunta sun yi ja. Ƙanwata Hansatu ta yi sauri ta jawo min kujera. Na ce ta bar ta.

Na matsa gaban Inna, na yi bisimilla a zuci, na durƙusa har ƙasa.

"Inna, ina wuni."

Ta dubi wuyana, ta dubi hannuwana, ta ce, "Haka ka koma? Me ya sa ba ka gaya min ba? Karsanata tana nan wajen Baffanka, na aika a kawo ta. A sayar, ka fanso motarka, ka ci abinci."

Karsanar nan ita kaɗai ta rage mata cikin shanun da ta gada. Na ce, "Inna, mota tana gida lafiya lau, aiki ma yana nan. Wasan Haladu ne. Ramar nan ni na neme ta da kaina, ba ciwo ba ne, ba kuma babu ba ce."

"Mutum ya nemi rama da kansa?"

"Don in gaishe ki yadda ake gaishe ki."

Sai a lokacin ta lura da yadda nake. Ta dubi gwiwoyina a ƙasa. Daga nan ta gyara zama ta fara gaisuwa tun daga farko. Ta tambayi Maman Amira, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi maƙwabta, da abokan aiki, da liman na unguwarmu, har da mai gadin ofis da ta taɓa gani sau ɗaya. Cinyoyina suna rawa, gumi yana bin bayana, ina ta amsa lafiya lau. Da mutane suka ƙare mata ta ce, "To, tashi."

Ƙanena Sule ya matso da hannu a miƙe. Na girgiza masa kai. Na tattara duk abin da duwatsun Dutse suka zuba min a ƙafa, na miƙe tsaye cak. Hansatu ta rangaɗa guɗa, gidan makoki ya koma gidan biki. Da yamma sai ga Haladu ya zo da ledar tsire wai ya zo jaje, Inna ta bi shi da muciya har zaure.

Komawa

Na kwana biyu ana ɗura min fura da tuwo, don Inna ta yarda ba ni da ciwo amma ba ta yarda da ramar ba. Na sake kwana a Jahun, washegari na biyo ta hanyar Kiyawa, kwalta zalla, kafin la'asar na hango duwatsunmu. Maman Amira ta tare ni a ƙofa, yara suka karɓe keken suna rigimar wanda zai tura shi ciki.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ko faci ban yi ba. Na gode wa Malam Garba da iyalinsa, da dattijon Aujara da ban ma tambayi sunansa ba, da abokan hawan Asabar da suka sha ɗaga ni daga ƙasa. Haladu kuma ina nan ina jiran sa.

Godiyar da ta fi kowace ta Inna ce. Da safen da zan taho na yi mata sallama, na riga na kama kan keke, sai ta kira ni da sunan da take kira na tun ina yaro.

"Dawo ka sake gaishe ni. Ran da ka zo ban ga tashin da kyau ba, hawaye ya rufe min ido."

Na jingine keken na koma.